Takunkumin Fuska da Allurar Rigakafi a Makarantun Amurka: Wa Ke da Wuƙa da Nama, Ina Kuma Haƙƙin Iyaye?

Duk shekara idan Agusta ta kama, lokacin rajistar makarantu ya zo, tambayoyi iri ɗaya ne ke yawo a bakin iyayenmu mazauna Amurka, musamman waɗanda suka taho da yara daga Najeriya, Nijar ko Ghana. Su ne aka tattara a nan. Dokokin kowace jiha daban suke, kuma ana yawan taɓa su, saboda haka duk abin da kuka karanta a nan ku gwada shi da abin da ke rubuce a shafin ma'aikatar lafiya ta jiharku kafin ku yi aiki da shi.

Wa ke kafa dokar rigakafi a makarantu, gwamnatin tarayya ko jiha?

Jiha ce. Tsarin mulkin Amurka ya bar wa jihohi ikon kula da lafiyar jama'a da ilimi, shi ya sa babu wata doka guda ta tarayya da ta ce sai yaro ya yi allura kaza kafin ya shiga aji. Dukkan jihohi 50 da birnin Washington kowacce tana da tata dokar, da jerin allurai nata, da sharuɗɗanta na ɗaga wa yaro ƙafa.

Hukumar CDC ta tarayya, mai kula da yaƙi da cututtuka, shawara kawai take bayarwa, ta hanyar kwamitin ƙwararru mai suna ACIP. Shawarar tana da nauyi, domin da ita jihohi da likitoci da kamfanonin inshora suka saba aiki, amma ba ta zama wajibi a kan ɗalibi sai jiha ta ɗauke ta ta sa a dokarta. A watan Yunin 2025 sakataren lafiya Robert F. Kennedy Jr. ya sallami mambobin kwamitin su 17 gaba ɗaya ya naɗa wasu, kuma tun lokacin shawarwarin tarayya suke ta sauyawa. Wannan bai taɓa abin da makarantar ɗanku ke nema ba sai ranar da jiharku ta gyara tata dokar. Iyaye da dama sun ji labari a talabijin sun ɗauka an soke wata allura, suka je makaranta suka tarar tana nan daram.

To ina aikin hukumar makarantun gunduma?

Amurka na da gundumomin makarantu kusan 13,000, kuma yawancinsu wata hukuma ce ke tafiyar da su, mai mutum biyar zuwa tara galibi, waɗanda mazauna yankin ke zaɓa. Ita ke ɗaukar shugaban makarantun gunduma aiki, ita ke amincewa da kasafin kuɗi, ita ke tsara dokokin yau da kullum kamar sutura da halartar aji. Birnin New York ya fita daban: tun 2002 makarantunsa na ƙarƙashin magajin gari.

Sai dai gunduma jiha ce ta ƙirƙire ta, ikonta kuma aro ne daga jiha. A maganar rigakafi aikinta karɓar takardu ne da dakatar da yaron da bai cika sharaɗi ba. Ba ta da hurumin rage jerin allurai, kuma a wasu jihohin ba ta da hurumin ƙarawa. Hukumar makarantun San Diego ta gwada wajabta allurar korona a kan ɗalibanta a 2021, kotun Kalifoniya ta ce wannan hurumin jiha ne, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a 2022. Takunkumi ne ya faɗa a tsakiya, ba a fayyace na wane ne ba, shi ya sa ya haifar da rigimar da ke tafe a tambayar takunkumi.

Doka ta ba gwamnati ikon tilasta wa ɗana allura?

Babu wanda zai kama yaro ya tsira masa allura. Abin da doka ta yarda shi ne jiha ta mai da rigakafi sharaɗin shiga makaranta. Tushen wannan shari'o'i uku ne na Kotun Ƙoli. A 1905, a shari'ar Jacobson, kotu ta tabbatar da tarar dala 5 da aka ci wani mutumin Cambridge ta jihar Massachusetts don ya ƙi rigakafin agana. A 1922, a shari'ar Zucht, ta yarda birnin San Antonio ya hana yarinyar da ba a yi wa rigakafi ba shiga makaranta. A 1944, a shari'ar Prince, ta ce 'yancin addini bai haɗa da jefa yaro ko jama'a cikin haɗarin cuta mai yaɗuwa ba.

Haƙƙin iyaye shi ma yana da tushe mai ƙarfi. Tun 1925, a shari'ar Pierce, kotu ta hana jihar Oregon tilasta wa kowa makarantar gwamnati. A Yunin 2025 kuma, a shari'ar Mahmoud, iyaye Musulmi da Kiristoci na yankin Montgomery a jihar Maryland sun yi nasarar samun damar cire 'ya'yansu daga darasin wasu littattafai da suka saɓa wa addininsu. Wannan hukunci kan littattafai ne. Lauyoyi suna ƙoƙarin janyo shi zuwa fagen rigakafi, amma kada wani ya ce muku ya rusa dokar rigakafin makarantu.

Waɗanne allurai ake nema?

Mu ɗauki jihar New York, inda mutanenmu ke da yawa a unguwannin Bronx da Harlem. Yaron da zai shiga ajin farko ana neman DTaP, wadda ke kare mashaƙo da tetanus da tarin shiƙa, sau biyar, ko sau huɗu idan an yi ta huɗun bayan ya cika shekara 4. Shan inna sau huɗu, ko uku bisa wannan sharaɗin. MMR, ta kyanda da hangum da rubela, sau biyu. Ciwon hanta nau'in B sau uku. Ƙarambau sau biyu. A aji shida ana ƙara Tdap, a aji bakwai ta sanƙarau, a aji goma sha biyu a maimaita ta sanƙarau.

Sauran jihohi kusan haka suke, da ɗan ƙari ko ragi. Texas, alal misali, tana neman ta ciwon hanta nau'in A. A New York da Kalifoniya dokar ta shafi makarantu masu zaman kansu har da na addini, saboda haka mayar da yaro Islamiyya ta cikakken lokaci ba ya fitar da shi daga sharaɗin.

Na zo da katin rigakafin ɗana daga gida. Me ya sa makaranta ta ce bai cika ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ɓata wa iyaye rai, domin uwa ta san ba ta taɓa tsallake ranar asibiti ba. Katin gida karɓaɓɓe ne matuƙar yana ɗauke da sunan allura da kwanan watan da aka yi ta. Shaidar baki ba ta aiki, tabon BCG a hannu ma ba ya maye gurbin rubutu. Matsalar daga bambancin jadawali take. A Najeriya da Nijar ana yin ta kyanda ta farko a wata 9, saboda cutar na kama jarirai da wuri. A Amurka kuwa duk allurar kyanda da aka yi kafin yaro ya cika shekara ɗaya ba a lissafa ta, sai dai rangwamen kwana huɗu. Kuma ta gida ba ta haɗa da hangum ba. Don haka yawancin yaranmu sai an yi musu MMR biyu, da tazarar aƙalla kwana 28 a tsakani.

Haka ciwon hanta. Allurar Penta da ake yi a sati 6 da 10 da 14 tana ɗauke da shi, amma ƙa'idar Amurka ita ce ta ƙarshe kada ta gaza sati 24 da haihuwa, shi ya sa za a nemi ƙarin guda ɗaya. Shan inna ya fi rikitarwa. A Afrilun 2016 duniya ta daina amfani da ɗigon baki mai kare nau'i uku ta koma mai nau'i biyu, don haka ɗigon da aka yi wa yaro daga 1 ga Afrilun 2016 zuwa yau ba ya shiga lissafi a Amurka. Ta allura, wato IPV, ita ake ƙirgawa, kuma ta ƙarshe sai bayan yaro ya cika shekara 4. Ɗigon da ake bi gida-gida ana yi, ana shafa wa yaro tawada a ɗan yatsa, dama ba a rubuta shi a kati. Ƙarambau kuwa babu ita a jadawalin gida; idan yaron ya taɓa yin cutar, likita zai iya rubuta shaida.

Abin yi: ku kai katin asali wurin likitan yara ko asibitin ma'aikatar lafiya ta yankinku, ba ofishin makaranta ba. Katin Nijar ko Kamaru da ke da Faransanci a nemi fassara, kuma a nuna wa ma'aikacin cewa mu rana muke fara rubutawa kafin wata, domin 03/08 a wurinmu 3 ga Agusta ne, a wurinsu 8 ga Maris. Wannan kuskuren kaɗai ya isa ya sa a soke allura ingantacciya. Ba a sake jeri daga farko don an yi jinkiri, daga inda aka tsaya ake ɗorawa. Idan kati ya ɓata, gwajin jini na iya nuna kariya daga kyanda, hangum, rubela, ƙarambau da ciwon hanta, kodayake sau da yawa maimaita allurar ya fi gwajin sauƙi da arha. MMR da ta ƙarambau ko dai a yi su rana ɗaya, ko a raba su da kwana 28; idan aka yi su da tazarar sati ɗaya, ta biyun ta tashi a banza. In kuma an buƙaci gwajin tarin fuka, ku ambaci BCG ku nemi na jini, domin na fata kan nuna alama ta ƙarya ga wanda aka yi wa BCG.

Kwana nawa ake ba mu, kuma nawa za mu biya?

A New York kwana 14 ne daga ranar da yaro ya fara zuwa, ana iya ƙarawa zuwa 30 ga wanda ya zo daga wata jiha ko wata ƙasa idan an ga iyayen na ƙoƙari. Ba sai an kammala duka ba. Idan ya karɓi ta farko a kowane jeri, kuma akwai takardar likita mai nuna ranakun sauran, zai ci gaba da zama a aji. Wanda ya tsallake ranar da aka ba shi ne ake dakatarwa.

Kuɗi bai kamata ya hana kowa ba. Shirin tarayya na VFC, wanda aka kafa a 1993, yana ba da allurai kyauta ga yaro ɗan ƙasa da shekara 19 da ba shi da inshora ko yake kan Medicaid, inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi. Asibiti na iya neman ɗan kuɗin aiki, amma ba shi da ikon hana yaro allurar don an kasa biya. Takardun zama ma ba sharaɗi ba ne: tun hukuncin Plyler na 1982 makarantar gwamnati ba ta da ikon korar yaro saboda matsayin shige da ficen iyayensa. Iyalin da ke zaune a matsugunin marasa gida, dokar McKinney-Vento ta ce a karɓi yaronsu nan take ko babu kati, makaranta ta taimaka a nemo.

Akwai hanyar da doka ta yarda a ɗaga wa yaro ƙafa?

Uzuri iri uku ne. Na lafiya yana nan a kowace jiha, likita ke rubutawa, ga yaron da aka yi wa dashen gaɓa, ko yake shan maganin daji, ko wata allura ta taɓa tayar masa da mummunan borin jini. Yakan shafi allura guda ce, ba duka ba. A New York sai an sabunta shi duk shekara. A Kalifoniya tun 2021 ta rumbun bayanan jiha ake shigar da shi, kuma ana bincikar likitan da ya rubuta biyar ko fiye a shekara.

Na addini yana nan a mafi yawan jihohi. Kalifoniya ta soke shi da dokar 2015 bayan ɓarkewar kyanda da ta faro daga wurin shaƙatawa na Disneyland. New York ta soke a Yunin 2019 bayan ɓarkewar Brooklyn da Rockland. Maine da Connecticut sun bi sahu, nasu ya fara aiki a 2021. Mississippi ta yi akasin haka: kotun tarayya ta tilasta mata buɗe ƙofar a 2023. A West Virginia gwamna ya ba da umarnin karɓarsa a Janairun 2025, maganar ta koma kotu. Na uku shi ne uzurin ra'ayin kai, wanda jihohi ƙalilan ke karɓa. A Texas fom ɗin ma'aikatar lafiya ake cikewa, a sa hannu gaban notari, wato jami'in shaida sa hannu, ya yi aiki shekara biyu. A Michigan sai iyaye sun zauna da jami'in lafiya ya yi musu bayani kafin a ba su.

Kada ku sayi takardar uzuri ko katin bogi a intanet. Laifi ne da ake gurfanarwa a kansa, kuma ga wanda ke neman takardun zama, illarsa ta wuce ta makaranta.

An ce akwai sinadarin alade a ciki. Gaskiya ne?

Gaskiya ne game da wasu. MMR ta kamfanin Merck da ta ƙarambau suna ɗauke da jelatin da aka sarrafa daga alade, don ya tsare maganin kada ya lalace. A 1995 taron malaman fiƙihu da likitoci da aka yi a Kuwait ya tafi a kan cewa jelatin da aka sarrafa har ya rikiɗe ya zama wani abu daban ya halatta, bisa ƙa'idar istihala, kuma ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya na yankin gabashin Bahar Rum ya yaɗa wannan matsaya a 2001. Akwai malaman da ba su gamsu ba, wasunsu kuma suka halatta ta fuskar lalura idan babu madadi.

Ga MMR yanzu akwai madadi. Priorix ta kamfanin GSK, wadda hukumar kula da abinci da magunguna ta FDA ta amince da ita a 2022, babu jelatin a cikinta. Ku kira asibiti tun kafin ranar ku tambaya ko suna da ita, domin ba kowane ke ajiyewa ba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malaminsa, da takardar sinadaran a hannu, ba da saƙon WhatsApp ba.

Idan na samu uzuri, shi ke nan an rabu da ni?

A'a. Ranar da aka samu mai kyanda a makarantar, jami'in lafiya na yanki yana da ikon mayar da duk yaron da ba shi da kariya gida har kwana 21 daga haɗuwarsa ta ƙarshe da mai cutar. Wani ya sake kamuwa, lissafi ya koma farko. Ga iyayen da ke aikin awa-awa wannan ba ƙaramin nauyi ba ne.

Dalilin tsananin shi ne halin cutar. Ƙwayar kyanda kan zauna a iskar ɗaki har awa biyu bayan mai ita ya fita, kuma cikin mutum goma marasa kariya da suka shaƙa, kusan tara za su kamu. Allura ɗaya na karewa kashi 93 cikin ɗari, biyu kashi 97. Sai kashi 95 na yara sun samu kafin cutar ta rasa hanyar yaɗuwa, amma a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025 adadin 'yan ajin farko a Amurka ya tsaya wajen kashi 92.5. A 2025 cutar ta ɓarke daga yankin Gaines na yammacin Texas, ta kama mutum fiye da 700 a jihar, ta kashe yara biyu da ba a yi wa rigakafi ba, a ƙasar da ta ayyana kawar da kyanda tun 2000. Mu da muka san abin da kyanda ke yi wa yara a lokacin zafi ba ma buƙatar dogon bayani. Ra'ayinmu a fili yake: ko jiharku ta ba ku damar ƙi, kada ku bar yaro babu MMR. Jaririn maƙwabta da bai kai shekara ba, da ɗalibin da ke jinyar daji, da kariyar 'ya'yanku suka dogara.

Amma ai an taɓa cutar da mu. Ta yaya za mu yarda?

Tsoron yana da asali. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a gwajin da ya ƙunshi yara kusan 200, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Trovan magani ne, ba rigakafi ba, amma tabon ya taimaka wajen dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004, cutar kuma ta bazu zuwa ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita. Darasin biyu ne, kuma duka gaskiya ne: neman yardar iyaye wajibi ne, ƙin rigakafi kuma yara ke biyan kuɗinsa.

Maganar cewa MMR na haddasa otizim, larurar da ke shafar magana da mu'amalar yaro, daga takardar likitan Ingila Andrew Wakefield ta 1998 ta fito. Mujallar da ta buga takardar ta janye ta a 2010, aka kuma soke lasisinsa, bincike a kan dubban ɗaruruwan yara bai ga alaƙa ba. An yaɗa wannan magana a tsakanin 'yan'uwanmu Somaliyawa na Minnesota, suka ja baya, a 2017 kyanda ta kama fiye da mutum 70, yawancinsu yaransu. Illolin da aka sani su ne zazzaɓi, kumburi a wurin allura, wani lokaci ƙuraje ko jijjigar zazzaɓi, da borin jini mai tsanani wanda ba kasafai ake gani ba. Dokar 1986 ta wajabta a ba ku takardar bayani kafin kowace allura, ta kuma kafa asusun diyya na VICP, wanda ake shigar da ƙorafi cikin shekara uku daga bayyanar alamar farko.

Allurar korona wajibi ce a makaranta?

Babu jihar da ke neman ta a jerin allurai na makarantun firamare da sakandare. Gwamna Newsom na Kalifoniya ya sanar da niyya a Oktoban 2021, aka ɗage, aka watsar a 2023. Birnin Washington ya kafa dokar sannan ya soke ta. A Fabrairun 2025 Shugaba Trump ya sa hannu kan umarnin hana kuɗin tarayya ga makarantar da ta wajabta ta.

Yaya rigimar takunkumi ta kasance, kuma wa ya yi nasara?

A ƙarshen Yulin 2021, da nau'in korona na Delta ya taso, CDC ta ba da shawarar kowa ya sa takunkumi a cikin makaranta. Cikin kwanaki gwamna Abbott na Texas da gwamna DeSantis na Florida suka fitar da umarnin hana gundumomi tilastawa, suka ce zaɓin na iyaye ne. Gundumomi da yawa suka bijire. Florida ta riƙe kuɗi daidai albashin mambobin hukumomin Alachua da Broward. Wata gunduma a garin Paris na Texas ta sa takunkumi cikin dokar suturar ɗalibai don ta zagaye umarnin. A Virginia gwamna Youngkin ya ba da irin wannan umarni ranar da ya hau mulki a Janairun 2022, majalisa ta mai da shi doka a Fabrairu.

A ɗaya ɓangaren, New York da Kalifoniya da Illinois sun wajabta takunkumi a faɗin jiha, har a kan gundumomin karkara da ba sa so. A Pennsylvania Kotun Ƙolin jiha ta soke irin wannan umarni a Disamban 2021, ba don ta ce takunkumi ba shi da amfani ba, sai don jami'ar da ta bayar ba ta bi hanyar kafa doka ba. Daga ɓangarorin biyu, ikon gunduma ne aka danne. A ƙarshe jiha ce ta yi rinjaye: Kotun Ƙolin Texas ta goyi bayan gwamna a 2023, majalisar jihar ta haramta tilasta takunkumin korona daga Satumbar shekarar, Florida ta riga ta yi tata tun Nuwamban 2021. A jihohin da ba su kafa irin wannan doka ba, gunduma ko jami'in lafiya na iya sake wajabtawa idan wata annoba ta taso.

Takunkumin ma yana aiki a kan yara kuwa?

A nan hujja ba ta kai ta rigakafi ƙarfi ba, kuma bai dace a haɗa su a ma'auni ɗaya ba. Binciken da aka buga a 2022 kan makarantun yankin Boston ya ga ƙarin kamuwa da korona kusan 45 a cikin kowane mutum 1,000 cikin sati 15 a gundumomin da suka cire dokar. Bitar 2023 ta ƙungiyar Cochrane, mai tattara binciken lafiya, kuwa ba ta ga tabbataccen tasiri ba daga gwaje-gwajen ƙarfafa sa takunkumi a cikin jama'a, kodayake shugabar editocinta ta ce fassara wannan da cewa takunkumi ba ya aiki kuskure ne. Masana ma sun saɓa kan shekaru: CDC ta ce daga shekara 2, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a wajabta wa ɗan shekara 5 zuwa ƙasa. Takunkumi nau'in N95 ko KN95 da ya zauna daidai a fuska ya fi na ƙyalle nesa ba kusa ba, amma na yaro ɗan shekara shida da ya jiƙe da yawu ya zame ƙasan hanci ba ya tsare komai. Iyayen da suka yi ƙorafi saboda yaro kurma da ke karanta leɓe, ko mai koyon Turanci, suna da hujja.

Ɗana yana da larura mai haɗari. Idan jiha ta hana tilasta takunkumi, me ya rage mini?

Dokokin tarayya na kare masu naƙasa, wato Sashe na 504 na dokar 1973 da dokar ADA ta 1990, suna sama da dokar jiha. A Maris 2022 alƙalin tarayya a Virginia ya yarda iyayen yara 12 masu larura su nemi a sa takunkumi a azuzuwan 'ya'yansu duk da dokar jihar. Ku rubuta wasiƙa ga shugaban makaranta da jami'in 504 na gunduma, ku haɗa da takardar likita mai faɗin abin da yaron ke buƙata dalla-dalla: na'urar tace iska a aji, wurin zama kusa da taga, sanarwa idan cuta ta ɓulla, malami ya sa takunkumi idan zai matso kusa. Komai a rubuce, ku ajiye kwafi. Wannan hanyar ce kuma yaron da ba ya iya jure takunkumi zai bi idan an wajabta.

Za a iya yi wa ɗana allura a makaranta ba da sanina ba?

A mafi yawan jihohi sai da sa hannun uwa ko uba ga ɗan ƙasa da shekara 18. Akwai keɓantattu: a Oregon ɗan shekara 15 na iya amincewa da kansa. Birnin Washington ya taɓa ba ɗan shekara 11 wannan dama, kotun tarayya ta dakatar a 2022. Inda ake samun matsala shi ne tarin takardun farkon shekara, da iyaye ke sa wa hannu a gurguje, alhali a ciki akwai fom ɗin asibitin cikin makaranta. Ku karanta kowace takarda. In Turancin ya yi nauyi, makaranta ce ke da nauyin samar da tafinta kyauta, kuma bai kamata a sa yaron ya yi muku tafinta ba.

Ta ina zan shigar da ra'ayina?

Ku fara tantance mai riƙe da maganar. Jerin allurai da uzuri na majalisar jiha ne da ma'aikatar lafiya, don haka ɗaga murya a gaban hukumar gunduma a kan wannan ɓata lokaci ne. Ɗan majalisar jiha na mazaɓarku za ku nema, musamman lokacin da ƙudiri ke gaban kwamiti. Takunkumi, iskar azuzuwa, ɗaukar ma'aikaciyar jinya da tsarin yaron da ya yi rashin lafiya, waɗannan na gunduma ne, sai inda jiha ta ƙwace.

Zaman hukumar a buɗe yake ga kowa, ana kuma fitar da ajanda tun kafin ranar. A Kalifoniya awa 72 doka ta ce. Mai son magana yakan yi rajista tukuna, a ba shi minti biyu ko uku. Ku rubuta abin da za ku faɗa, buƙata ɗaya tak, ku aika kwafi ga magatakardan hukumar don ya shiga kundin zama. Iyaye goma daga masallaci ɗaya ko ƙungiyar gari ɗaya, kowa da wasiƙarsa, sun fi mutum ɗaya mai faɗa tasiri. Magana a zaman ba ta buƙatar zama ɗan ƙasa, amma jefa ƙuri'a tana buƙata, in ban da wurare ƙalilan kamar San Francisco da ta ba iyaye baƙi damar zaɓen hukumar makarantu. Mai katin zama na dindindin da ya yi rajistar zaɓe inda doka ba ta ba shi dama ba yana iya rasa damar zama ɗan ƙasa, har a kore shi, ko da wani ne ya miƙa masa fom ɗin a ofishin lasisin tuƙi.